Allurar Malama Gong

Cikin jirgi, farkon Afrilu

Yaya Mi-ran,

Ina gaishe ki da kyau, ke da ɗana Yun-jae. Yaya ƙugun? Har yanzu a tsaye kike naɗe shinkafa a ganyen teku tun asuba har yamma? Ki ce wa mai shagon nan ta sayi kujera ɗaya, ba za ta tsiyace ba. Ni lafiyata ƙalau, in ban da kunnen hagu da ƙarar inji ta kusa gamawa da shi.

Jiya muka baro tasha. Daga yau sai mun cika jirgi da kifi, ba waya ba intanet, sai saƙon rubutu da ke biyowa ta ofishin Kyaftin. Shi yake bugawa a takarda ya miƙo, bayan ya karance abinsa tsaf, don haka ki riƙa gaishe shi.

Yaya, na ga bidiyon. Ana dab da tashi ya shigo wayata. Ashe abin da ya sa kika ɓoye 'yar kyamara a aljihun jakarsa ke nan? Da kika ce kina ganin ɗigon jini a yatsansa, na ɗauka tsoron uwa ne kawai. Sai ga matar nan ta juya baya tana dukan gadon bayan yaro da dunƙulallen hannu, tana fizgar masa hannu, ta zaro allura daga wuyan rigarta. Ihun da ya yi har yanzu yana kunnena, ya fi ƙarfin inji. Yaron da bai taɓa furta kalma ba a shekara tara, wa zai kai wa ƙara? Ita ma ta san haka, shi ya sa.

Wannan ce Malama Gong ɗin da kike yi mini waƙarta, wai ita kaɗai yake bari ta taɓa shi? Wai ita ta koya masa riƙe cokali?

Kin rubuta a ƙasan bidiyon cewa ba za ki iya ke kaɗai ba. To, ba ke kaɗai ba ce. Na san halinki, za ki je ofishin shugaban makaranta ki yi ta rusunawa, a ba ki shayi a rako ki bakin ƙofa. Na sa bidiyon a shafina na intanet kafin a janye tsanin jirgi, na rubuta sunan makarantar da nata. Kafin wayata ta ɗauke, mutane sun fara zuba. Ki bar su su yi mana aikin.

Ki shafa mini kan Yun-jae, in ya yarda.

Ƙaninki,
Dong-chan

*

Jinju, Afrilu

Dong-chan,

Muna lafiya, ƙugu da sauƙi. Ina gaida Kyaftin, kuma ina roƙonsa don girman Allah ya miƙa maka wannan takarda yana gama karantawa.

Me ka yi mini? Wa ya aike ka? Na ce ba zan iya ni kaɗai ba, nufina ka taya ni tunani, ban ce ka tara mini duniya ba!

Abin da na turo maka guntu ne. Da na ji ihun nan na kife wayar, na yanko iya inda na tsaya na aiko maka, na zauna ina kuka. Sai washegari na yi ƙarfin halin kallon sauran.

Ka saurara. Bayan ihun, wata yarinya ta bangaji jakar, ta juya a jikin marataya, sai aji ya fito sosai. Akwai farin zare ɗaure a babban yatsansa. Ka ji? Zare. Ta goga allurar a gashin kanta, ta tsira masa a gindin farce, ta matse, baƙin jini ya fito. Tana cewa, "Yauwa, ɗan kwikwiyona, ga shi nan ya fita, ya fita." Dukan bayan da ka gani, da jan hannun daga kafaɗa zuwa ƙasa, ai ka san su. Abin da Umma take yi mana ne in abinci ya tsaya mana a ƙirji. Kai ma ihun da kake yi har maƙwabta su leƙo.

Ka san yadda Yun-jae yake haɗiye abinci ba tauna. Ran nan tuwon shinkafar nan mai danƙo aka ba su. Da jinin ya fita ya yi wata doguwar gyatsa, sai amai, sai kuma ya ɓata wandonsa. Ta kori sauran yaran wajen mataimakiya, ta tuɓe shi, ta wanke shi da ruwan ɗumi, ta sa masa wandon ajiya. Daga nan matar da ta kusa sittin ta goya ƙaton yaron nan, tana zagaye aji da shi tana masa waƙa har ya yi barci a bayanta.

Ni da aka tsira wa wannan yatsan sau ba adadi, na ga alamar a hannun ɗana ban gane ta ba. Kullum ina karanta labaran abin da ake yi wa yara irinsa, tsoro ya riga ya rufe mini ido.

Ka turo mini lambar sirrin shafinka yau ɗin nan in goge. Ina ganin in aka goge da wuri zai lafa. Dong-chan, in aka cire matar nan daga ajin, ban san inda zan kai yaron nan ba. Makaranta biyu suka dawo mini da shi kafin ita.

Yayarka,
Mi-ran

*

Jinju, ƙarshen Afrilu

Dong-chan,

Ina fatan lafiya ce ta sa ka shiru. Kamfaninku sun ce jirgi yana nan ƙalau, na'urar saƙo ce ta samu matsala. Har kuka na yi wa yarinyar da ta ɗauki wayar, ta ce ba abin da za ta iya.

An cire Malama Gong. Ka san dokar, da zarar an kai ƙarar cin zalin yaro sai a raba malami da aji kafin a tambaye shi komai. Ba ni na kai ba, mutanen intanet ne suka yi ta buga wa 'yan sanda. Na je da ƙafata na ce ni ce uwar, na janye. Ɗan sandan ya ce, "Maman Yun-jae, ai ba ke kika shigar ba, ba kuma ke za ki janye ba." Na nuna masa sauran bidiyon. Ya kalla har ƙarshe, ya sosa ƙeya, ya ce kakarsa ma haka take yi masa, amma allura allura ce.

Da ka ga ƙofar makarantar. Mutanen da ba su taɓa taka Jinju ba sun aiko da furannin jana'iza, manya masu ƙafa uku, an jera su tun daga ƙofa har kwanar kantin magani, kowanne da ƙyalle an rubuta zagi. Mace tana raye ana mata furannin gawa. An tono hoton gidanta, an tono inda 'yarta take aiki. Akwai wanda ya sa wa bidiyon kiɗa.

An rufe ajin yara masu buƙata ta musamman har sai an samu wani malamin, kuma ba wanda ya nema. Wa zai nema? Iyayen sauran yaran sun san jakar wa ce, marataya ɗaya ce a wannan kusurwar. Maman Bo-ra, wadda muke haɗa kimchi, jiƙaƙƙen kabejin nan mai yaji, tare duk shekara, ta zo har shago. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. Ta ce, "Yaya, na ajiye aikina jiya, tunda ba mai riƙe mini yarinya. Na zo ne in tambaye ki, tun yaushe kike ɗaukar 'ya'yanmu a kyamara? Bo-ra tana ciki lokacin da ake canza mata kaya?" Tana ciki, Dong-chan. Ban taɓa tunanin wannan ba sai da ta faɗa.

Yun-jae kuwa kullum da safe zai sa takalmi, ya rataya jaka, ya tsaya a bakin ƙofa. In na ce yau babu, sai ya fara buga goshinsa a jikin ƙofar. Na liƙa matashi a wurin. Ina tafiya da shi shago, yana zama ƙarƙashin tebur, mai shago ta fara kallona ta gefen ido.

Ka amsa mini. Ko zagi ne ka rubuto, amma ka haɗo da lambar.

Mi-ran

*

Cikin jirgi, Mayu

Yaya,

Lafiyata ƙalau. Iska ce ta karya sandar na'urar, sai shekaranjiya muka gyara, ni ma na hau. Takardunki biyu tare Kyaftin ya miƙo mini. Yau bai yi mini tsiyar da ya saba ba, ya ce in je in zauna, wani ya karɓi aikina.

Lambar sirrin ita ce sunan tsohon karenmu da shekarar da aka haife ki. Ki goge.

Na karanta maganar zaren, na ji kamar in faɗa ruwa. Amma Yaya, ki bari in faɗi nawa, don tun jiya nake jujjuya shi. Ni me na gani? Na ga ana dukan ɗana, na ga allura, na ji ihu. Da ke ce a bakin tasha, jirgi yana shirin tashi, me za ki yi? Kuma ko da Umma tana yi mana, Umma ce. Wannan ba uwarsa ba ce. Wa ya ba ta izinin huda yatsan ɗan wani, yaron da ba zai iya cewa a'a ba, ta kuma yi shiru ba ta gaya miki ba? Da ta gaya miki tun ranar farko, da kin sayi kyamara?

Ba wanke kaina nake ba. Sunanta da na rubuta, wannan nawa ne ni kaɗai, ba wanda ya taya ni. Amma ke ma kin yi wata guda kina ɗaukar mace a ɓoye kina mata murmushi a bakin ƙofa. Me ya hana ki buɗe baki ki tambaye ta? Tsoron kada ta ji haushi ta huce a kansa, na sani. To ni ma tsoro ne ya tura ni.

Mafita ɗaya nake gani. Ki sa sauran bidiyon a shafin nawa, dukansa, har goyon da waƙar. Mutanen da suka zage ta su gani da idonsu. Kowa a ƙasar nan an taɓa tsira masa yatsa, za su gane. Ki yi yau, kada ki jira amsata.

Dong-chan

*

Jinju, Mayu

Dong-chan,

Na ji daɗi da kake lafiya. Mu ma da sauƙi, goshinsa ya fara warkewa.

Na goge. Kamar ban yi komai ba, bidiyon yana wurare fiye da yadda zan iya bi.

Sauran bidiyon kuwa, na ɗora yatsa zan tura, sai na ce wannan karon bari in fara tambayar mai shi. Na bar Yun-jae wajen mai shago na tafi wajen Malama Gong. Ta koma wajen ƙanwarta a bayan gari, mataimakiyar ajin ce ta yi mini kwatance bayan na yi ta roƙo.

Malamar da kanta ta buɗe ƙofa. Ta rame, gashin nan da take rinawa ya fito fari fat. Ban ko cire takalmi ba na zube a gwiwa, goshina a ƙasa. Ta ce, "Tashi, Maman Yun-jae, ƙasan da sanyi. Ya ci abinci?"

Na ce ya ci. Ta ce, "Ki riƙa yayyanka masa ƙanana. In kika sa masa cokali biyu, ɗaya a kowane hannu, yana rage sauri."

Na gaya mata komai, har kai. Na ce ga sauran bidiyon, zan sa, duniya ta ga ko ita wace ce. Ta karɓi wayar ta kalla, ba ta taɓa ganin wannan ɓangaren ba. Da aka zo wurin waƙar ta rufe bakinta da hannu. Sannan ta mayar da shi baya, ta tsayar a daidai inda ta tuɓe shi, ta juyo mini da wayar.

Ta ce, "Wannan za ki sa?"

Na ce zan rufe fuskarsa, zan yanke wurin.

Ta ce, "In kin yanke su ce me aka ɓoye. In kin rufe fuska, garin nan kaf an san ɗan wa ne. Yaron nan zai yi shekara ashirin, zai yi arba'in, yana nan tsirara cikin kashinsa a wayar mutane, kuma ba zai iya cewa a cire ba. Ni an riga an gan ni. Shi ba a gan shi ba tukuna. Ki bar shi haka."

Na ce to ke fa, Malama? Ta ce alƙali zai gani a ɗakinsa, ya isa. Ta ce, "Allurar laifina ce. Na san an hana. Na ga leɓensa ya canza launi, hannunsa ya yi sanyi, ban yi tunanin doka ba, hannuna ne ya tafi da kansa. Karon farko da na tsira masa ma haka. Na so in gaya miki, na ji tsoron ki kai ni ƙara." Sai ta yi wata 'yar dariya. "Kin gani, ina tsoronki kina tsorona, kullum muna gaisawa."

Nan na kama ƙafarta na ce in an wanke ta ta dawo. Na ce zan tsaya a ƙofar makaranta da allo a wuya in ce ni ce mai laifi. Na ce ba ni da kowa sai ita.

Ta ce, "Ba fushi nake da ke ba, ki yarda da ni. Amma ko a kasuwa na ga yaro da jaka a baya, sai in ji wuyana ya sanƙare. Ajin nan kuwa sai da hannu. Sai ka riƙe, ka danne, ka ɗauka, ka share. In na tsaya ina tunanin yadda hannuna zai fito a hoto, na gama amfani. Na riga na miƙa takardar ajiye aiki."

Ta rako ni har tashar mota, ta cusa mini ledar busasshen kifi wai yana so a miya. Na yi kuka a motar nan har direba ya rage rediyo.

Mi-ran

*

Cikin jirgi, Yuni

Yaya,

Ina gaisuwa. Ba na iya cin abinci sosai, in ban da haka lafiya.

Na yi magana da Kyaftin. Jirgin dakon kifi zai zo ya kwashe namu, ya ce in na nace zai bar ni in bi shi, ko da yake ya kira ni jaki. Zan zo in durƙusa a ƙofar matar nan har sai ta gaji da ganina. Zan rubuta da sunana da hotona cewa ni na yi, ban kalli ƙarshe ba, a zage ni yadda aka zage ta. Ki ce mata ta dakata da takardar nan, a ba ni dama in iso.

In kuma ta ƙi, ni zan riƙa zama da Yun-jae. Ya san ni ai. Ran da na zo hutu har ya bari na ɗaura masa igiyar takalmi, kin tuna?

Ki ce in taho, Yaya. Kalma ɗaya nake jira.

Dong-chan

*

Jinju, Yuli

Dong-chan,

Muna lafiya. Damina ta sauka sosai, bango duk ya yi danshi. Ka ci abinci, kada ka ƙara mini wani ciwon kan.

Kada ka taho. An karɓi takardar ajiye aikin Malama Gong tun kafin wasiƙarka ta iso. Mai gabatar da ƙara ya ce ba za a kai ta kotu ba, an ja mata kunne kawai. Labarin ya fito a layi biyu a ƙasan wata jarida, ban ga wanda ya tura wa wani ba. Ta bar garin, ƙanwarta ta ce kada in sake zuwa, kuma tana da gaskiya.

An buɗe ajin. An turo wata yarinya sabuwar gama karatu, Malama Seol. Ba ta da laifi ko kaɗan, tana da ladabi, tana rusuna mini har ƙasa. Ranar farko na buɗe jakar a gabanta na zazzage komai a tebur don ta gani. Ta ce, "Haba, ba sai kin yi haka ba," amma ta duba aljihun gefe.

Ranar Talata ina shago aka bugo waya, wai Yun-jae ya faɗi a tsakar makaranta, in zo. Na fita da safar leda a hannu, ban ko cire ba.

Ana ruwa. Tun daga ƙofa na jiyo kukansa. Yana kwance a gefen famfo inda ya zame, gwiwa ta fashe, leɓe yana jini, yana dukan ƙasa da kai. Ka san in ya kai nan ba ya tashi da lallashi, sai an rungume shi ta baya da ƙarfi, yana shure-shure yana cizo, a riƙe har ya sake. Mutum uku ne a kansa. Malama Seol ta tsuguna nesa kaɗan, ta tura masa tawul ƙarƙashin kai da tsinin yatsa, tana ta kiran sunansa, ita ma kukan take. Mataimakiya ta riƙe masa lema, ita tana jiƙewa. Mataimakin shugaban makaranta kuwa yana tsaye da waya a hannu, ya saita ta a kansu.

Da ya gan ni ya rusuna, bai sauke wayar ba. Ya ce, "Maman Yun-jae, sannu da zuwa. Ki yi haƙuri, don kariyar kowa ne muke ɗauka. Tun faɗuwarsa yana ciki, in kina so ki duba. Ba wanda ya taɓa shi."

Daga shago zuwa makaranta ka san ba kusa ba ne.

Na zauna cikin ruwan na rungumo shi ta baya. Ya cije ni a hannu, na riƙe. Jikinsa sanyi ƙalau, rigar ta manne masa. Da ya lafa na goya shi, na miƙe da ƙyar saboda ƙugun. Su ukun suna tsaye suna jira su ji abin da zan ce, wayar tana kallona.

Na rusuna na yi musu godiya, Dong-chan. Me kake so in ce musu?

Yayarka,
Mi-ran